Yadda ake zaɓen lensin makro: jagora ga mai son ɗaukar ƙananan abubuwa a hoto

Wani dattijo mai ɗinkin hannu a cikin birnin Zazzau ne ya fara sa ni neman lensin makro, wato lensin da aka ƙera don ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa. Ya gama aikin aska takwas a wata babbar riga, aikin da ya ci masa watanni, mai rigar kuma yana nesa, yana so ya ga hoto kafin ya aiko da cikon kuɗi. Na ɗauki rigar gaba da baya na miƙa masa kyamarar. Ya daɗe yana duba hoton, sannan ya ce, "Yaro, rigar ta fito, amma ina aikin?" Na ce, "Baba, ai ga shi nan a ƙirji." Ya girgiza kai ya ɗora yatsa a kan zaren. Abin da yake so a gani shi ne yadda allura ta bi, ɗinki bayan ɗinki, don da wannan ne mai saye zai bambance aikin hannu da na keke. Na matsa kusa, lensin ya ƙi kama fokas. Na ƙara matsawa, komai ya dushe.

A satin na sayi wani lensin zum na hannu saboda an rubuta kalmar makro a jikinsa. Kuɗin da na tara na watanni ne, kuma da na koma wurin Baba, zaren bai fito yadda yake so ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, shi ya sa nake so wanda zai karanta wannan ya san abin da zai duba tun kuɗinsa na aljihu.

Mataki na farko: auna abin da za ka ɗauka

Kafin sunan kowane kamfani, nemi rula, irin ta akwatin lissafin 'yan makaranta. Ajiye abin da ka fi son ɗauka ka auna faɗinsa. Zoben amarya bai cika wuce santimita 2 ba. Zanen lalle a bayan hannu yakan kai santimita 8 zuwa 10. Kan tsutsar masara 'yan milimita ne kacal. Shafin tsohon littafin ajami kuwa yana iya kai santimita 20 ko 30. Duk waɗannan ana ce musu hoton kusa, amma kowanne da lensin da ya dace da shi.

Sai ka gwada lensin da ke hannunka yanzu. Mai da shi fokas na hannu, ka murza shi zuwa mafi kusa, ka matsa a hankali har layukan rular su fito tas, ka ɗauka. Ƙirga milimita nawa suka shiga hoton daga hagu zuwa dama. Lensin 18-55 da ke zuwa da yawancin ƙananan kyamarorin Canon da Nikon yakan kama wajen santimita 6 zuwa 7, wato katin cire kuɗi na banki, mai faɗin milimita 85, ya cika hoton har ya ɗan fita. In aikinka lalle ne, ko hula, ko takalmin fata, ko kwanon dambu da kake tallatawa a Instagram, wannan lensin ya kusa isarka. Haske kake bukata fiye da sabon lensi. In kuma abin da kake nema ya gaza santimita 4, to ci gaba da karatu.

Mataki na biyu: fahimci 1:1, kar kalmar makro ta ruɗe ka

A cikin kyamara akwai ɗan faifan da haske ke sauka a kai, shi ake kira sensa. Idan aka ce lensi yana ba da 1:1, ana nufin abu mai tsawon milimita 10 zai kwanta a kan sensa da tsawon milimita 10 cif. Idan 1:2 ne, rabin girmansa zai kwanta. Idan 1:4 ne, kwata. Wasu kamfanoni da lamba suke rubutawa: 1.0x, 0.5x, 0.25x. Duk abu ɗaya ne.

Girman sensar ya bambanta. Babbar sensa, irin ta Canon 6D da 5D, Nikon D750 da Sony A7, milimita 36 ce a faɗi, 24 a tsaye. Ƙaramar sensa, irin ta Nikon D3300 ko D5300 da Sony a6000, wajen 23.5 ce a faɗi. Ta Canon 600D da 700D da 'yan uwansu 22.3 ce. Saboda haka a 1:1, mai ƙaramar sensa zai cika hotonsa da abin da bai kai tsohon babban layin waya ba, wanda faɗinsa milimita 25 ne. Mai ƙaramar kyamara kada ya raina ta, a wannan fage ƙananan abubuwa sun fi cika masa hoto.

Ga inda aka kama ni. Babu wata doka da ta hana kamfani rubuta makro a jikin lensin da bai kai 1:1 ba. Zum da yawa masu ɗauke da kalmar a 1:4 suke tsayawa. Tsofaffin 70-300 na Sigma da Tamron suna kai 1:2, amma sai a can ƙarshen zum ɗin, kana tsaye kusan mita guda da abin, hannu na rawa. Har cikin lensocin da ba zum ba akwai masu tsayawa a 1:2: tsohon Canon EF 50mm f/2.5, Canon RF 35mm f/1.8 da RF 85mm f/2, da Fujifilm XF 60mm f/2.4. Masu kyau ne, kuma 1:2 ya ishi mai sayar da sarƙa da 'yan kunne. Abin dai ka san abin da ka biya. Mai Nikon kuma ya lura, su Micro suke rubutawa a nasu, kuma shi ne makro ɗinsu na gaske.

Tambayar da za ka yi wa mai shago guda ce: "Malam, yana kai 1:1?" In ya yi inda-inda, ciro rularka.

Mataki na uku: tazarar da ke tsakaninka da abin

Nan ne zaɓin yake, kuma nan na fi so a tsaya a nutsu.

Lensin 40mm da na 100mm da na 180mm duk suna iya ba da 1:1. Girman abin a hoto ɗaya ne. Bambancin shi ne nisan da za ka tsaya. A takardar lensi za ka ga an rubuta mafi kusancin da yake kama fokas, misali santimita 30. Mutane da yawa sukan ɗauka daga bakin lensi ake aunawa. A'a, daga sensa ne. Duba saman kyamararka, za ka ga wata 'yar alama, da'ira da layi ya ratsa ta tsakiya. Daga nan awon yake farawa. Don ka san ainihin filin da zai rage maka, sai ka cire tsawon lensin kansa da kuma tazarar da ke tsakanin sensa da bakin kyamara.

Mu yi lissafin da Canon EF 100mm f/2.8L, wanda ya fito a 2009. Mafi kusancinsa milimita 300 ne. Tsawonsa 123. Daga sensa zuwa bakin kyamarar Canon mai madubi a ciki, irin su 6D da 700D, 44 ne. Abin da ya rage milimita 133, wato santimita 13, kusan taƙi guda na yaro. Canon EF-S 60mm yana barin wajen santimita 9. Nikon DX 40mm, mai araha da kaifi, yana barin kamar faɗin yatsu biyu. Sony E 30mm f/3.5 wajen santimita 2 kawai. Can sama kuma Canon 180mm f/3.5L yana barin kusan santimita 25.

Me wannan ke nufi a aikace? Abu uku na gani da idona. Na farko inuwa. In bakin lensi yana santimita 2 ko 3 daga zobe, lensin da kanka da hularka duk sun tare hasken, babu ta inda filasha za ta shiga. Gwal da azurfa kuma madubi ne, baƙin bakin lensin zai fito a jikinsu. Na biyu ƙwari. Malam-buɗe-littafi da ƙuda da fara ba za su jira ka kawo musu gilashi har hanci ba. Rina da kunama kuwa kai ne ba za ka so kusantarsu haka ba. Na uku bayan hoto. Dogon lensi yana kama ɗan yanki kaɗan na abin da ke baya, sai ya narke ya zama launi ɗaya mai laushi. Gajere yana kwaso fili mai faɗi, har da bokiti da igiyar shanya.

Shi ya sa a ganina, wanda zai sayi lensin makro ɗaya tak ya nemi tsakanin 90mm da 105mm. Ya isa ga zobe, ya isa ga zare, ya isa ga mafi yawan ƙwari, ba shi da nauyin da zai gajiyar da hannu. Ga mai ɗaukar biki kuma riba biyu ce: da shi za ka ɗauki zoben da lallen, ka ja da baya ka ɗauki fuskar amarya, don wannan tsawon yana fito da fuska yadda take ba tare da ya kumbura hanci ba.

Amma akwai masu aikin da wannan shawara ba ta dace da su ba. Gidajen malamai a cikin birni cike suke da tsofaffin littattafan hannu na Larabci da ajami, wasu gara ta fara taɓa su, kuma ɗaukar su a hoto aiki ne na lada. Mai wannan aiki kyamararsa a sama take tana kallon ƙasa. Don shafi mai tsawon santimita 30 ya shiga ƙaramar sensa da lensin 100mm, sai ka ɗaga kyamarar kusan mita ɗaya da rabi. Da 40mm kuwa rabin mita da 'yan kai ya isa, kana zaune kana juya shafi. A nan gajeren makro shi ne gwani. Dalilin da ya sa ma ake neman makro a wannan aiki shi ne an ƙera shi ya fito da abu shimfiɗaɗɗe da kaifi tun daga tsakiya har kusurwa, layuka kuma ba sa lanƙwashewa. Haka ma mai ɗaukar yadi da shadda da fatar da aka jeme.

Ɗalibin aikin gona da ke Samaru kuma, wanda ke bin gonar gwaji yana neman tsutsar da ta shigo ƙasar nan a 2016 tana cin zuciyar masara, ko tsutsar da ke huda furen wake, 100mm ne nasa. Alamar da ake gane tsutsar masarar da ita tana kanta, kamar harafin Y a kife, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. A 1:1 duk za su fito sarai. Sai in ƙwai yake son ƙirgawa, ko ƙafar kaska, sannan zai bukaci abin da ya wuce 1:1. Laowa 100mm f/2.8 yana kai 2:1, wato ninki biyu na girman abin, amma da hannu ake yi masa fokas. Canon RF 100mm na 2021 yana kai 1.4x. Akwai Canon MP-E 65mm da ke farawa daga 1:1 har ninki biyar, sai dai ba ya ɗaukar komai daga nesa, ko fuskar mutum. Wannan na ɗakin bincike ne, kada mai farawa ya kusance shi.

Mataki na huɗu: zai hau kyamararka?

Wannan gajere ne amma kuskurensa tsada gare shi. Lensin Canon mai EF-S, wanda aka yi wa ƙaramar sensa, ba ya hawa 6D ko 5D, don haka in kana da niyyar komawa babbar sensa, sayi EF. Lensocin EF duka suna aiki a sababbin Canon marasa madubi ta hanyar adafta. A ɓangaren Nikon, jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu. Tsofaffin lensoci masu AF-D, da tsohon Tokina 100mm f/2.8 na Nikon, za su hau kuma za su ɗauki hoto, amma da hannu za ka yi fokas. Adaftar FTZ ta Nikon Z, wato Nikon marasa madubi, ma ba ta juya su. In an rubuta AF-S, ba matsala, injin yana cikin lensin. Sigma da Tamron da Tokina kuwa lensi ɗaya suke yi wa bakuna daban-daban, ka tabbata na kamfanin kyamararka aka ba ka.

Mataki na biyar: abubuwan da ake ƙara wa kuɗi dominsu

Mai hana rawar hannu, wanda Canon ke rubuta wa IS, Nikon VR, Tamron VC, Sigma OS, yana da amfani sosai idan kana ɗaukar fuska ko fure daga ɗan nesa. Amma amfaninsa raguwa yake yi yayin da kake matsawa. Canon da kansu sun ce na 100mm L ɗinsu yana taimakawa da mataki huɗu a hoton yau da kullum, a 1:1 kuma biyu (kowane mataki yana ba ka damar ninka lokacin da kyamara ke karɓar haske sau biyu ba tare da hoto ya yi rawa ba). Babbar matsalar ma ba ya magance ta: jikinka yana lilo gaba da baya da numfashi, kuma iska tana kaɗa ganye. In da filasha za ka yi aiki, ko a kan ƙafa-uku, tsohon Canon 100mm f/2.8 USM marar IS, ko tsohon Tamron 90mm, zai ba ka kaifin da ido ba zai bambance da na mai tsada ba. Gaskiyar magana, da wuya ka samu lensin makro na 1:1 marar kaifi. Kada ka ɓata dare kana kwatanta kaifinsu a intanet.

Fokas na otomatik ma haka. A 1:1 lensi yakan yi ta kai da komo yana nema. Yadda masu aikin ke yi shi ne su saita girman da suke so da hannu, su riƙa matsawa da jiki a hankali, su danna daidai lokacin da idon ƙwaron ya fito. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zoben fokas mai faɗi da santsi. In za ka yi biki da shi, duba ko yana da ɗan makunnin da ke iyakance nisan da zai nemi fokas, don kada ya tafi neman 1:1 alhali ango na tahowa.

Abu ɗaya da nake ba muhimmanci saboda garinmu: ko lensin yana tsawo idan ana fokas. Tsohon Tamron 90mm da Tokina 100mm suna zuro hanci waje sosai. Canon 100mm USM da na L, Nikon 105mm VR, Sigma 105mm OS da Sony 90mm G duk a ciki suke motsi, tsawonsu ba ya canjawa. Mai zurowa yana rage maka tazara, yana tsorata ƙwaro, kuma duk shiga da fita iska yake zuƙa. Wanda ya san hazon Disamba da Janairu a Zariya ya san abin da ke cikin iskar nan.

Mataki na shida: ware kuɗin haske

Kada ka kashe kuɗinka duka a lensi. Dalili na lissafi ne. Idan ka kai 1:1, hasken da ke isa sensa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙofar haske ita ce kafar da haske ke bi a cikin lensi, lambar f tana girma kafar tana tsukewa; wadda ka sa a f/8 tana aiki kamar f/16. Kyamarorin Nikon suna nuna maka wannan, shi ya sa mai 105mm VR zai ga f/2.8 ta koma f/4.8 idan ya matsa, ya ɗauka lensin ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Canon ba sa nunawa, amma hasken ya ragu duk da haka.

Ga kuma kaurin wurin da ke fitowa tas. A 1:1 da f/8 wajen milimita ɗaya ne. A f/16 wajen biyu. In idon fara ya fito, bayanta ya dushe. Wannan bai dogara da tsawon lensi ba, 40mm da 180mm duk ɗaya ne in girman abin a hoto ɗaya ne. Dole ka tsuke ƙofar haske, tsukewar kuma ta ƙara cin haske. In ka wuce gona da iri, ka kai f/22 ko f/32, hoton gaba ɗaya sai ya yi laushi, saboda haske yana bazuwa idan ya bi ta ƙaramar kafa. Ni tsakanin f/8 da f/13 nake zama.

Maganin shi ne filasha ta saman kyamara, ko da mai araha ce irin ta Godox, da abin tausasa haskenta. Wannan ba sai ka saya ba. Farar takarda mai kauri, ko farin soson da ake naɗe kayan lantarki da shi, ka huda shi ka zura a bakin lensi ya tsaya tsakanin filasha da abin da kake ɗauka. Fara da f/11, saurin ƙiftawar kyamara 1/200 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin jin hasken sensa) 200, ka riƙa rage ko ƙara ƙarfin filashar. Walƙiyarta gajera ce ƙwarai, ita ke tsayar da rawar hannu da ta ganye. Zaren Baba kuwa sai da na kawo hasken daga gefe, ƙasa-ƙasa, sannan kowane ɗinki ya yi 'yar inuwarsa ya tashi. Haske daga gaba kai tsaye shafe aikin yake yi. In abin ba ya motsi kuma kana so ya fito duka, kamar zobe, ɗora kyamara a ƙafa-uku ka ɗauki hotuna goma ko ashirin kana matsar da fokas kaɗan-kaɗan, sannan ka haɗe su a kwamfuta da Photoshop ko Helicon Focus.

Idan kuɗin bai kai ba tukuna

Farashin waɗannan kaya dala yake bi, kowa ya san halin da ake ciki. Akwai hanyoyin farawa da ba su kai kuɗin lensi ba, kuma ina ba ɗalibai shawarar su fara da su.

Akwai zobban ƙarin tsawo, bututu ne marasa gilashi da ake sa wa tsakanin kyamara da lensi. Sukan zo uku, na Kenko milimita 12 da 20 da 36 ne. Lissafinsu mai sauƙi ne: raba tsawon zoben da tsawon lensin. Milimita 25 a kan lensin 50mm yana ƙara rabi, milimita 50 yana kai ka 1:1. Duk mai 50mm f/1.8, kuma kusan kowane mai ɗaukar biki yana da shi, ya riga ya yi rabin tafiya. Ka nemi masu 'yan ƙarafan lantarki a ciki, in ba haka ba ba za ka iya tsuke ƙofar haske ba a yawancin lensocin zamani. Muddin suna jiki, ba ka ɗaukar abu mai nisa.

Akwai kuma gilashin da ake maƙalawa a gaban lensi. Masu arha, huɗu a jaka ɗaya, suna ɓata gefen hoto da launin shuɗi da ja. Raynox DCR-250 daban ne. Yana kama fokas a wajen santimita 12 daga bakinsa, kuma ya fi ƙarfi a dogon lensi: a 100mm yana ba da 0.8x, a 200mm ya wuce 1:1 da nisa. Mai 55-200 ko 70-300 da ke kwance a jaka ya gwada wannan. In ka yi wata biyu da ɗayansu kana ta ɗauka ba ka gaji ba, to ka san lensin ba zai zama kayan ado a wurinka ba, kuma a lokacin ka riga ka san tazarar da kake bukata.

Mataki na ƙarshe: duba na hannu kafin ka biya

Yawancinmu na hannu muke saye, daga Kano ko Kaduna ko Legas, ko wurin abokin sana'a. Ba laifi, lensin makro yana daɗewa. Amma tafi da kyamararka da rularka, gani ya kori ji.

Cire murfin gaba da na baya, ka haska tocilan wayarka ta ciki kana kallo daga ɗaya gefen, a ɗan karkace. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane tsohon lensi yana da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, za ka gan ta kamar saƙar gizo-gizo ko jijiyoyin ganye, yawanci daga gefe take farawa. Ita yaɗuwa take yi, tana cin rufin gilashin. Haka ma in ka ga hazo-hazo kamar tururi a ciki. Ka bar shi komai arha, araha ba ta ado.

Murza zoben fokas daga farko har ƙarshe, ka saurara ko akwai ƙarar yashi ko wurin da yake cijewa. Sa f/16 ka ɗauki farin bango sau biyar a jere. In wani hoton ya fi wani haske, ganyayen ƙofar haske suna makalewa. Manna jarida a bango, ka tsaya daidai gabanta ka ɗauka a f/2.8 da f/5.6, ka buɗe kusurwoyi huɗun ka kwatanta. In gefe ɗaya ya dushe ɗayan ya fito, lensin ya taɓa faɗuwa. Duba kusoshin baya, in kawunansu sun cinye an taɓa buɗe shi, ka tambayi dalili. Sannan ka ɗauki rular a mafi kusa ka ƙirga da kanka. Karɓi rasit mai lambar jikin lensin, don kayan hoto na cikin abin da ake sacewa a wurin biki. In aiko maka za a yi a mota, a yi maka bidiyon gwajin tocilan da na rula tukuna, ku kuma yi magana a kan mayarwa in ya zo da aibi, a gaban wanda ku duka kuke jin nauyinsa.

Idan ya shigo hannunka, yanayi biyu za ka yi tsaro da su. Da damina, musamman Agusta da ruwa ke kwana yana zuba, kada ka bar shi a jakar kyamara cikin durowa, nan fumfuna ke samun wuri. Sa shi a roba mai murfin da iska ba ta shiga, da 'yan ƙunshin silika irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa busar da su da ɗan zafi lokaci-lokaci don su ci gaba da tsotse danshi. Daminar kuma ita ce kakar mai makro: fita bayan sallar Asuba zuwa bakin Kubanni ko gindin Kufena, lokacin raɓa na kan ciyawa, iska ba ta tashi ba, ƙwari kuma sanyi bai sake su ba, za ka iya matsawa har santimita 13 ɗin nan ba su motsa ba.

Da hunturu kuwa kada ka goge gilashin da bakin riga. Ƙurar nan akwai yashi a cikinta, gogewa ɗaya sai ta bar zane. Fara hure ta da ɗan famfon roba, sannan ka bi da ƙyalle mai laushi. In za ka canja lensi, shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka yi da sauri. Ƙurar da ta sauka a sensa ba ta cika nunawa a f/2.8 ba, amma a f/11 zuwa f/16, inda mai makro ke wuni, kowane ƙwaya sai ya fito baƙi a hotonka.